Yadda sassan kamfani za su haɗa kai wajen ajiye takardu da bayanai

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga manajoji da sakatarori da akantoci na kamfanoni, da makarantun kuɗi, da asibitoci masu zaman kansu a nan Zariya: ta yaya za a daina ɓatar da takardu? An sayi kabad, an sayi kwamfuta, wasu har da na'urar sikanin, amma duk ranar da aka nemi wata takarda sai a wuni ana buga waya. Sashen kuɗi ya ce tana sito, sito ya ce an kai wa manaja, manaja ya ce ya bai wa wani yaro da ya bar aiki tun bara.

Ba kasafai takarda take ɓata a cikin sashe ba. Tana ɓata ne a tsakanin sashe da sashe, lokacin da ta bar hannun wannan ba a rubuta cewa ta shiga hannun wancan ba. Shi ya sa matakan da ke ƙasa suka fi tsayawa a kan wa ke da alhakin me, yaushe zai miƙa, wa zai sa hannu. Za mu yi misali da kamfanin da ke sayar da iri da taki da abincin kaji, ofishinsa a Sabon Gari, sitonsa a wajen Dakace, yana da sassa biyar: kuɗi, ma'aikata, saye da sito, ciniki da talla, sai mai kula da kwamfutoci. Mai makaranta ko asibiti sai ya musanya sunayen sassan da nasa.

1. A fara da takardar umarni daga shugaba

Kada kowa ya taɓa fayil ko ɗaya kafin shugaban kamfani ya fitar da takarda mai shafi ɗaya da sa hannunsa. Ta faɗi sunan mutum ɗaya da aka naɗa jami'in ajiya, ta ce yana da ikon shiga kowane sashe ya ga fayiloli, ta sa ranar farawa da ranar gama zagayen farko, ta kuma hana zubar da kowace takarda ko goge kowane fayil har sai an gama tsari. Wannan hanin na ƙarshe shi ake yawan mantawa. Da zarar an ji za a zo duba ofis, wasu sai su fara "gyara", kwali biyu ya tafi wajen masu ƙosai kafin jami'in ya iso.

Jami'in ajiya ya zama wanda shugabannin sassa ke jin nauyinsa: sakataren kamfani, ko babban jami'in mulki.

A kula: kada a ɗora aikin a kan ɗan bautar ƙasa ko ɗalibin da ya zo koyon aiki na wata shida. Suna iya taimakawa da sikanin da rubuta lamba, amma ba za su iya cewa babban akanta ya buɗe kabad ɗinsa ba, kuma za su tafi da duk abin da suka sani. Haka nan kada a bar wa mai kula da kwamfuta shi kaɗai. Ya san inda fayil yake zaune, bai san wace baucha, wato takardar izinin biyan kuɗi, mai binciken kuɗi zai nema ba.

Lokacin farawa ma a duba shi. Kamfanin taki ba ya fara irin wannan aiki a farkon damina, lokacin da motoci ke layi a sito. Makaranta ba ta farawa a makon jarrabawa, sashen kuɗi kuma ba ya da sararin kowa a lokacin rufe lissafin shekara.

2. Wakili ɗaya daga kowane sashe

Kowane shugaban sashe ya ba da sunan mutum ɗaya a rubuce, da na wanda zai tsaya masa idan ba ya nan. A zaɓi wanda takardun ke bi ta hannunsa kullum, akawun sashe ko mai shigar da lissafi, ba shugaban sashen da kansa ba, don shi kullum yana taro. A saka wannan aiki a cikin takardar ayyukan wakilin, a ware masa sa'a biyu a mako. In ba haka ba zai ɗauke shi taimako ne yake yi, ranar da ya ga dama.

3. Zagayen ƙirga: me ke akwai, ina yake

Jami'in ajiya ya je kowane sashe da ƙafarsa, ya zauna da wakilin, su cike takarda ɗaya tare. Aika fom a ce kowa ya cike ya dawo da shi ba ya aiki. Za a rubuta "fayiloli" da "rasit-rasit" a dawo da shi. Ga abin da za a rubuta a kan kowane nau'in takarda: sunanta kamar yadda 'yan sashen ke kiranta, wa ke samar da ita, sashen da take zuwa bayan nan, a takarda take ko a kwamfuta, ina take ajiye yanzu, daga wace shekara zuwa wace, da kimanin yawanta. Ana ƙirgawa da fayil ko kwali, ba shafi-shafi ba. Babban fayil mai ƙarfe yana ɗaukar kusan shafi 500, wannan ya isa a yi lissafi.

Abin da ke cikin kabad shi ne mai sauƙi. Wanda ke ɓata shi ne wanda ba a ɗauka takardar kamfani ce ba, don haka a yi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Odar da dillalai ke turowa ta WhatsApp, a wayar wa take shiga? Imel ɗin da aka yi wa kamfani rajista da shi a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da na hukumar haraji, na wa ne, wa ke da kalmar sirrinsa? Wa ya buɗe shafin Facebook na kamfani, kuma lambar wa ake tura wa lambar tabbatarwa? Asalin zanen tambari da na buhu da na kalanda, yana ofis ko yana kwamfutar wani mai zane a PZ ko Samaru? Sautin tallan da aka sa a rediyo fa? Sunan shafin intanet na kamfani, da sunan wa aka saye shi, yaushe kuɗinsa zai ƙare? Hotunan gonakin gwaji da ma'aikatan fili suka ɗauka, suna wayoyinsu ko an sauke?

Sau da yawa a nan ake gano cewa rabin tarihin kamfani yana cikin wayoyi uku ko huɗu na mutane, wasu ma sun bar aiki.

A kula: a yi tambaya da lalama, a bayyana tun farko cewa ba binciken laifi ake yi ba. Wanda ya ji ana neman kama shi zai ɓoye cewa da imel ɗinsa na kansa yake aikin kamfani, ita kuwa wannan gaskiyar ake buƙata.

4. Kowace takarda ta samu mai ita ɗaya

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda idan an tsallake shi sauran ba za su tsaya ba. A kira taron wakilai duka, a ɗauki nau'in takardu ɗaya bayan ɗaya, a yanke sashen da ke riƙe da asali. Duk wani da ke da ita kwafi ne yake riƙe da shi, yana iya zubar da nasa idan ya gama amfani, amma mai asali ba shi da wannan dama.

Ɗauki sayen taki tirela ɗaya. Sashen saye ya rubuta takardar oda. Direba ya zo da takardar rakiyar kaya, mai sito ya ƙirga buhu ya rubuta takardar karɓa. Mai kaya ya turo takardar neman biya. Akanta ya rubuta baucha, shugaba ya sa hannu, banki ya tura kuɗi aka samu shaidar biya. Takardu shida ke nan a hannu uku, saye da sito da kuɗi, a unguwa biyu. Mai binciken kuɗi kuwa yana son ganinsu a haɗe. Idan kowa ya riƙe tasa, ranar bincike sai an tura mai babur Dakace.

Hukuncin da ya fi aiki shi ne: sashen da ke rufe al'amari shi ke riƙe da cikakken kunshi. A saye, sashen kuɗi ne, don biya shi ne ƙarshe. Ke nan asalin takardar karɓar kaya tana barin sito zuwa sashen kuɗi, sito ya riƙe kwafin da ya rage a littafinsa. Akanta kuma ba zai biya ba sai takardun da suka gabaci baucha sun cika. Wannan sharaɗin kaɗai yana gyara fiye da taro goma, domin mai kaya da kansa zai matsa a kai takarda.

Sauran a bi su da wannan ma'auni. Fayil ɗin ma'aikaci na sashen ma'aikata ne, amma jadawalin albashi da shaidar biyan harajin albashi ga KADIRS, hukumar haraji ta Jihar Kaduna, da kuɗin fansho na sashen kuɗi ne. Kwangila da yarjejeniyar haya da takardar rajistar kamfani da takardar mallakar fili ta KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, da bayanan taron daraktoci na ofishin sakataren kamfani ne, ko da wani sashe ne ya yi cinikin. Takardar rajistar NAFDAC ta duk kayan da ke buƙatarta tana can ita ma, tare da ranar ƙarewarta a rubuce a kalanda. Hotuna da bidiyo da zane da rubutun talla na sashen talla ne, amma mai kula da kwamfuta shi ke da alhakin kwafinsu.

Za a yi gardama, musamman tsakanin kuɗi da sito. Abin da wakilai suka kasa yankewa a rubuta shi a kai wa shugaba a makon, kada a ce "a bari tukuna". Abin da aka yanke kuma a buga shi a takarda ɗaya, kowane shugaban sashe ya sa hannu, a manna a bangon kowane ofis.

5. Shekara nawa za a ajiye

A gaban kowane nau'i a rubuta adadin shekaru da ranar da za a fara ƙirgawa. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ce a ajiye takardun lissafin kuɗi shekara 6 daga ranar da aka rubuta su. Ya fi sauƙi a ƙirga daga ƙarshen shekarar lissafi, don kwalin shekara guda ya fita gaba ɗaya. Takardun haraji su bi wannan adadi. Dokar ƙwadago ta ce a riƙe bayanan albashi da sharuɗɗan aiki shekara 3, amma wannan mafi ƙaranci ne; maganar fansho da garatuti kan taso bayan shekaru masu yawa, don haka takardar ɗauka aiki da ta barin aiki da tarihin albashi a riƙe su fiye da haka. Takardar rajistar kamfani, da ta fili, da bayanan taron daraktoci, da rahoton kuɗi na shekara da aka bincika, waɗannan ba a zubar da su har abada. Kwangila a riƙe ta tsawon rayuwarta, a ƙara shekarun da lauyan kamfani ya ba da shawara.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da mutane ba su saba da shi ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta yarda a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu ba. Kwalin takardun masu neman aiki da ba a ɗauka ba, da kwafin katin NIN na dillalan da aka daina hulɗa da su, ba dukiya ba ne, kaya ne a wuyan kamfani. A sa musu wa'adi gajere.

A kula: duk takardar da ta shafi shari'ar da ke kotu, ko binciken haraji da ba a rufe ba, ko rikici da ma'aikaci, wa'adinta ya tsaya. Sakataren kamfani ne zai sanar da jami'in ajiya a rubuce, shi kuma ya manna jar takarda a kwalin. A kai jadawalin gaba ɗaya wa lauya da mai binciken kuɗi na waje su duba kafin shugaba ya sa hannu.

6. Suna da lamba iri ɗaya ga kowa

Kowane sashe ya samu haruffa uku: KUD, MAA, SIT, TAL, sai SAK na ofishin sakataren kamfani. Sunan fayil a kwamfuta ya fara da kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, domin kwamfuta ta jera su da kanta. Misali: 2024-06-18_KUD_baucha-0412_taki. Kwali kuma ya ɗauki lamba irin KUD/2024/07, a rubuta ta da maka a gefe biyu, ba a murfi ba, don murfi kan musanya. A guji ƙugiyar haruffa da alamomi a sunan fayil, wasu manhajoji na rikita su. A kuma hana sunaye irin "sabo", "na ƙarshe", "na ƙarshe gyararre". A sa lamba: 01, 02, 03, wanda aka amince da shi kuma a mayar da shi PDF.

Rajista ɗaya ce ga kamfani duka, shafin Excel ya wadatar. Jami'in ajiya kaɗai ke rubutu a cikinta, wakilai karantawa kawai suke yi. A buga ta a takarda duk ƙarshen wata.

7. Ranar miƙawa da takardar miƙawa

"Ku riƙa kawowa idan kun gama" ba umarni ba ne. A sa rana. Sito ya miƙa wa sashen kuɗi takardun karɓar kaya duk Litinin kafin azahar. Sashen kuɗi ya rufe kunshin wata ya yi sikanin kafin 10 ga wata mai bi. Sashen talla ya sauke hotuna da bidiyo daga wayoyi duk ranar aiki ta ƙarshe a wata, ya kuma fitar da hirarrakin oda daga WhatsApp zuwa fayil. Kwalayen shekara su shiga ɗakin ajiya bayan mai binciken kuɗi ya gama, ba kafin nan ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bar haɗa takardun shekara sai ranar da wasiƙar hukumar haraji ta iso, a gurguje zai haɗa su, da giɓi.

Kowace miƙawa tana da takarda mai kwafi biyu: sashen da ya miƙa, lambar kwali ko fayil, abin da ke ciki daga lamba kaza zuwa lamba kaza, abin da ya ɓace a tsakani, kwanan wata, sa hannun mai bayarwa da mai karɓa. Layin "abin da ya ɓace" shi ne mafi muhimmanci. Idan baucha ta 0413 ba ta ciki, a rubuta yau, lokacin da ana iya tuna inda ta shiga.

A kula: mai karɓa ya buɗe kwali ya ƙirga a gaban mai bayarwa. Sa hannu a kan kwali a rufe ɗaukar laifin wani ne. Kuma kada a karɓi kwalin da aka rubuta wa "takardu daban-daban". A mayar da shi sashen ya rarrabe.

Rasit na POS da na wasu gidajen mai, zafi ne ke buga rubutunsa, kuma yana dushewa cikin watanni, balle a zafin bazara. A yi masa hoto ko kwafi a makon da ya shigo, a haɗa da asalin. Kada a kai shi a lulluɓe da leda mai zafi, baƙi zai koma gaba ɗaya.

8. Ta ina za a riƙa magana

Rukunin WhatsApp na wakilai yana da amfani wajen tunatarwa, a nan amfaninsa ya tsaya. Neman takarda, da canza doka, da izinin zubarwa, duk ta imel ɗin kamfani ko takarda za su bi. Saƙon murya ba ya shiga fayil. Idan an yi magana a baki ko a waya, wanda ya nema ya bi ta da rubutu a ranar.

Neman takarda ya zama cikakke tun farko, kamar haka: "Salamu alaikum Malam. Don Allah sashen kuɗi na neman takardar karɓar kaya ta tirelar taki da ta shigo 18 ga Yuni, 2024, oda mai lamba 0231, saboda mai bincike. Kwafi ya wadatar. Muna bukata kafin azahar ranar Laraba. Na gode." Wanda aka aika wa ya amsa cikin kwana ɗaya na aiki, ko da cewa zai yi ya gani yana nema. Bayan kwana uku babu takarda, jami'in ajiya ya kai wa shugaban sashen. Bayan mako, ga shugaban kamfani. A rubuta wannan tsani tun farko kowa ya sani, don idan an hau shi kada wani ya ce ƙararsa aka kai. A wurin da ƙaramin ma'aikaci ke jin nauyin tunatar da dattijo, dokar da aka rubuta ita ke yi masa magana.

Taron wakilai sau ɗaya a wata, minti 30, tambaya uku: wa bai miƙa ba, me aka nema ba a samu ba, wane sabon nau'in takarda ya ɓullo. A guji ranar Juma'a, da azumi kuma a yi shi da safe.

9. Ɗaki, na'ura da kuɗin da za a kashe

Ɗakin ajiya ya zama mai silin da ba ya yoyo, nesa da banɗaki da tankin ruwa da janareta. Kanta ta ƙarfe, ba katako ba, saboda gara. Matakin ƙasa ya ɗaga daga daɓe kamar santimita 15, a kuma bar tazara tsakaninta da bango don a ga hanyar gara da wuri. Danshin Agusta na kawo fumfuna da tsatsar fil, ƙurar hunturu kuma tana shiga duk kwalin da ba shi da murfi. A cire fil da ƙarfen maƙala daga takardun da za su daɗe. Kada a haɗa takardu da taki ko maganin feshi a sito ɗaya. Takardun asali masu daraja, irin ta fili da ta rajista, a sa su a jakar leda mai buɗewa cikin akwatin ƙarfe mai jure wuta.

Sikanin a yi shi a 300 dpi, wato ma'aunin kyan hoton da na'urar ke ɗauka, a ajiye a PDF, in na'urar tana da PDF/A a zaɓe shi don ajiya mai tsawo. A fara da takardun bana da waɗanda ba a zubarwa, sannan a koma baya. Kwalin da saura shekara ɗaya wa'adinsa ya cika bai cancanci wahalar sikanin ba.

Ga yadda ake lissafi. A ce ƙirga ta nuna shafi 20,000. Na'ura mai jan takarda da kanta, mai shafi 30 a minti, sa'a 11 da 'yan mintuna za ta yi. Amma cire fil, miƙe takarda, sa suna da dubawa su ne aikin, don haka a tsara da shafi 500 zuwa 800 a rana ga mutum ɗaya, wato kwanan aiki 25 zuwa 40. Wurin ajiya kuwa, idan kowane shafi ya kai kilobayit 300, gigabayit 6 ke nan kacal. Bidiyon talla ne ke cin wuri, ba takardu ba. Ke nan kuɗin ma'aikata ya fi na faifai nesa ba kusa ba, kuma shi ake mantawa a kasafi. Sauran abin saye: kanta, kwalaye masu murfi, sikana, faifan ajiya na waje guda biyu, UPS, wato batirin da ke riƙe wa kwamfuta wuta, don ɗaukewar wuta kada ta lalata faifai ana cikin kwafi, kuɗin data, da kuɗin shekara na ma'ajiyar intanet. Farashin na'urori yana bin dala, a karɓi farashi a rubuce daga shago uku a mako ɗaya. Kuɗin duka ya fito daga kasafin ofishin mulki. Idan aka ce kowane sashe ya sayi kwalinsa, wani zai kawo kwalin taliya.

Kwafi uku ake riƙewa: na kwamfutar ofis, na faifan waje, da na wani wuri dabam, ko ma'ajiyar intanet ko faifai na biyu da ke wani gini. Filash ba wurin ajiya ba ne, na ɗaukar fayil ne daga nan zuwa can.

A kula: Google na ba da gigabayit 15 kyauta, shi ya sa ake yawan zuba takardun kamfani a asusun wani ma'aikaci. Ranar da ya tafi, da su ya tafi. Asusun ya zama na kamfani, da layin waya na kamfani, a riƙa amfani da layin don kada kamfanin sadarwa ya sake sayar da shi. Sannan sikanin ba ya ba da izinin yaga asali. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman takardar shaida da ke bayyana yadda aka samar da abin da ya fito daga kwamfuta kafin kotu ta karɓa, don haka a rubuta a rajista wa ya yi sikanin, yaushe, da wace na'ura.

10. Wa zai gani, wa zai ɗauka

Mataki uku ya isa: na kowa, na sashe, na sirri. Fayil ɗin ma'aikata da albashi da bayanan lafiya na sirri ne, mutum biyu ko uku kawai. Makullin ɗakin ajiya biyu, ɗaya wajen jami'in, ɗaya a ambulan da aka rufe a ofishin shugaba. Duk fayil da zai fita a rubuta a littafin aro, a sa kati a gurbinsa mai sunan wanda ya ɗauka da ranar dawowa. Dokar ta hau kan shugaba ma. A gaskiya teburinsa da but ɗin motarsa ne wuraren da ya kamata a fara dubawa idan fayil ya ɓata. Idan kwamfuta ko faifai mai bayanan mutane ya ɓata ko aka sace, a sanar da jami'in ajiya da sakataren kamfani nan take, domin dokar 2023 ta ba da sa'a 72 a sanar da NDPC, hukumar kare bayanan jama'a, idan abin na iya cutar da masu bayanan.

11. Idan ma'aikaci zai tafi

Sashen ma'aikata ya sanar da jami'in ajiya da mai kula da kwamfuta a ranar da aka karɓi takardar barin aiki, ba ranar walimar ban-kwana ba. A ƙara layi a takardar sallama: ya dawo da fayilolin aro, ya miƙa na kwamfuta da na waya, an cire shi daga Facebook da imel da ma'ajiyar intanet, an canza kalmomin sirrin da ya sani. Sai jami'in ajiya ya sa hannu sashen kuɗi zai biya haƙƙinsa na ƙarshe. Canjin sashe ma haka, don wanda ya koma talla daga kuɗi bai kamata ya ci gaba da ganin albashin mutane ba. Kowane shafi na sada zumunta ya kasance da masu iko biyu a kowane lokaci.

12. Gwaji da zubarwa

Duk wata uku shugaba ya zaɓi takardu biyar daga sassa daban-daban ba tare da sanarwa ba, a duba minti nawa aka ɗauka kafin a kawo kowace. Wadda ta wuce minti 15, a bi sawunta a ga a wace miƙawa ta maƙale, a gyara wannan wurin. A ranar kuma mai kula da kwamfuta ya dawo da fayil ɗaya daga faifan waje ya buɗe shi a gaban jami'in ajiya. Faifai na iya nuna sunayen fayiloli alhali abin da ke ciki ya lalace.

Zubarwa sau ɗaya ce a shekara. Jami'in ajiya ya fitar da jerin kwalayen da wa'adinsu ya cika, ya aika wa sashen da ke da su, da sakataren kamfani, da akanta, a ba su mako biyu. Shiru ba amincewa ba ne, sai hannu uku sun sauka a takarda. A yayyanka takardun da na'ura ko a ƙone su a gaban shaidu biyu daga sassa daban, kada a sayar wa masu awo ko masu tsire, don takardar albashin mutum na iya dawowa unguwarsu an naɗe nama da ita. Kwafin kwamfuta na waɗannan kwalaye a goge shi a wurare ukun a rana ɗaya, tsohon faifai kuma a fasa shi kafin ya bar ofis. Layin kwalin a rajista ba a goge shi. A rubuta a gabansa ranar zubarwa da sunayen shaidu, takardar izinin kuma ta shiga fayil ɗin sakataren kamfani cikin waɗanda ba a zubarwa.